Injin da Ke Ƙirga Gawa

Mama ta rantse ba za ta taɓa jaririn Auta ba sai an duba kakinta an ce babu ko ƙwayar cuta ɗaya. Duk wanda ya san Mama kuwa ya san in ta rantse, sai dai ka nemi kujera ka zauna, don tsayuwa ba za ta fisshe ka ba.

Tarin fuka ne ya kama ta. Ta sha magani wata shida cur ba fashi, ta murmure, kumatu suka dawo, murya ma ta dawo har ta fi ta da, maƙwabta shaida ne. Likitan da ke duba ta ya daɗe da gaya mata cewa ta wuce shafa wa kowa. Ta ce ta ji, ta gode, Allah ya saka. Ta dawo gida ta shige ɗakinta na ƙurya da kofinta da cokalinta da takunkuminta, ta ci gaba da magana da mu ta taga. Wai a layin karɓar magani ta taɓa ganin wani jariri yana irin wannan tarin a bayan uwarsa, tun daga ranar ba ta ƙara yarda da kanta ba.

Ana cikin haka Auta, ƙanwarmu, ta zo da ɗanta na fari, jikan Mama na farko. Kwanaki kaɗan za ta yi, don an yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa wata uwa duniya, kuma ba wanda ya san ranar dawowarsu. Ni dai abin ya tsaya min a rai. Kullum da safe Auta za ta ɗauko yaron ta tsaya a tsakar gida, Mama ta manna goshi a gilashin taga.

"Ɗaga min maigidan nawa in gani. A'a, daga nan, kada ki matso! Kai, wannan miji da rowa yake, ko ɗan murmushi babu?"

"Mama, ki fito ki karɓe shi mana. Likita fa ya ce..."

"Likita ba shi ya haife shi ba."

Maganin wannan rikici yana hannun Yaya, babbarmu, wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti. A gida Likita muke ce mata don mu ji daɗin ganin ta fusata. "Ni ba likita ba ce," in ji ta kullum, "ni ce dai nake gaya wa likita abin da ke damun mutum." To a 'yan makonnin nan Yaya ba ta da zance sai na sabon injin da aka kawo musu. Ana cin abinci, inji. Ana kallon talabijin, inji. Na taɓa tambayar ta ko ta ga cajar wayata, ta ba ni amsa da cewa injin nan har yana faɗin ko magani zai ci cuta ko ba zai ci ba. Ni da nake gyaran waya na san ɗokin sabon kaya, amma nata ya wuce misali.

Ana gobe Auta za ta tafi, Yaya ta zo da sassafe da 'yar roba mai jan murfi ta miƙa ta taga. Mama ta juya baya ta yi abin da za ta yi, ta miƙo. Yaya ta ɗaga robar a hasken rana ta yamutsa fuska.

"Wannan ai yawu ne, Mama."

"Yawun nawa kika raina?"

"Kaki ake so. Wanda ya fito daga can ƙasan ƙirji."

"Ikon Allah! Wata shida kuna ɗura min ƙwayoyi don in daina tari, yau na daina, kun dawo kuna roƙona in yi."

Aka shiga neman tari ruwa a jallo. Aka dafa ruwa ta lulluɓa da tawul ta shaƙi tururi har ta jiƙe sharkaf, ta fito tana cewa ko hancinta bai motsa ba. Aka kwashe kowa daga tsakar gida ta fito ta zagaya da sauri-sauri tana kaɗa hannu, Auta na leƙe ta labule tana ba ta ƙwarin gwiwa. Yaya ta sa takunkumi ta bubbuga mata baya, Mama ta ce in ramuwar dukan yarinta ne ta faɗa kawai. Ƙirjin nan ko gezau. Matar da a baya tarinta ke hana unguwa sakat, yau ga shi ana lallashinsa ya ƙi fitowa.

Da ta koma ɗakinta, sai na ce bari in gwada mata yadda ake yi, tunda na ji Yaya ta maimaita bayanin har na haddace. Na tsaya a tsakiyar gida na dafa ƙugu.

"Kalle ni, Mama. Ki ja numfashi sosai, haka. Ki riƙe. Sai ki..."

Ban san yadda aka yi ba, yawuna ya bi ta inda ba hanyarsa ba. Na sarƙe, idanuna suka firfito, na ja da baya na yi karo da bokitin ruwan tururin nan da ya huce, na zauna a cikinsa daɓas. Mama ta fashe da dariya. Ta dafa taga tana yi, ta durƙusa tana yi, hawaye na zuba, tana nuna ni da yatsa ta kasa magana. Can cikin dariyar sai muka ji wani abu ya taso daga ƙasa, gurrr, mai nauyi.

"Roba! Ina robar?" in ji Yaya.

Ashe tana aljihun Yaya. Sai da ita da Auta suka birkice gidan kaf kafin ta laluba ta ji ta. Da Mama ta miƙo robar, Yaya ta duba ta ce, "Masha Allah, wannan shi ne kaki!" da irin muryar da ake yaba sabon zane. Auta ta yi ta tsalle da jariri a kafaɗa, ni kuwa ina cikin bokiti ina karɓar godiya.

A babur ɗina na ɗauki Yaya, wandona a jiƙe, ita kuma ta rungume 'yar jakar da robar ke ciki kamar mai ɗauke da ƙwai. Duk ramin da na shiga sai ta mintsine ni.

Ban taɓa wuce tagar karɓar samfuri a wurin aikinta ba, amma ranar Oga, shugabansu, yana cikin nishaɗi, ya ce a ba ni takunkumi in tsaya a bakin ƙofa. Ɗaki ne mai fararen tayil, ga warin maganin goge-goge, ga firiji na gurnani a kusurwa, ga famfo da bakin kwaminsa ya rine da ja da shuɗi. A can gefe an ture tsohon madubin duba ƙwayoyin cuta, an kifa masa riga. A tsakiyar teburi kuwa ga gogan, sabon inji, bai fi ƙaramin firiji ba, da 'yan ƙofofi a gabansa da kwamfuta a gefe. Ledar da ta zo a kan fuskar kwamfutar ma Oga ya hana a ɓare. Mutum ne mai tumbi da sanƙo, yana magana yana goge saman injin da hankicinsa.

Yaya ta ɗauko ɗan gilashin da ake shafa kaki a kai, za ta nufi wajen madubi. Oga ya tare ta.

"Na wa ne?"

"Na Mamanmu ne, Oga."

"Mamanmu guda za ki kai wa wannan tsohon? Ga inji a zaune? Haba! Ai ba girmanmu ba ne."

Na ga idon Yaya ya yi wani ƙyalli. Ta kalli madubi, ta kalli inji, ta ajiye gilashin. Dama mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki.

"Kuma ita ma ta ga irin aikin da 'yarta ke yi," in ji ta.

"Yawwa! Zuba duka, kada ki rage. Mamanmu ce."

Ta zuba wani ruwa a cikin robar, ta girgiza, ta jira, ta tsotsa ta ɗura a wani ɗan akwatin roba. Oga da kansa ya buɗe ƙofar injin ya saka ya rufe, ya ja da baya yana murza hannu. Sauran ma'aikata suka taru. Oga ya ba ni labarin yadda a da mutum kan yi ta zarya kafin a gane abin da ke cin ƙirjinsa, yanzu kuwa ka zo da hantsi, kafin azahar an san cutarka an san maganinta. Ya ce shekarunsa nawa yana ƙura wa madubi ido har wuyansa ya ƙage, bai taɓa zaton zai ga wannan rana ba. Gaskiya ni ma sai da ya sa min son injin.

Da lokaci ya kusa, na ce ai wannan abin farin ciki bai kamata a yi shi ba Mama ba. Na kira Auta ta bidiyo, ta je ta kanga wayar a tagar ɗakin ƙurya. Ga fuskar Mama ta cika allon, rabi takunkumi.

"Ina injin? Wannan ɗan akwatin ne kuka cika mana kunne da shi?"

"Shi ne, Mama!" in ji Oga, ya leƙo yana ɗaga hannu. "Yanzun nan zai wanke ki tas."

Injin ya yi ƙara, ƙofar ta buɗe da kanta, aka yi tafi. Oga ya gyara tabarau ya sunkuya, ya karanta da babbar murya irin ta mai sanarwa, bakinsa ya riga hankalinsa isa wurin.

"An gano ƙwayar cutar tarin fu..."

Ɗakin ya yi tsit, firiji kaɗai ke magana. A wayar na ga Mama ta ja da baya a hankali. Ta sa hannu ta jawo labule. Na ji kamar ni na kai mata mari.

Yaya ta daɗe tana kallon allon kwamfutar. Can ta juyo a hankali.

"Oga. Mama fa ta gama shan magani ne."

Oga ya buɗe baki. Sai ya ɗaga hannu ya ɗaka wa sanƙonsa tafi, har sai da na ji zafin a nawa kan.

"Innalillahi! Gawa! Gawa ya ƙirga!"

Na ce su yi min bayani da Hausar mutane. Yaya ta ce injin ba ya duba ko ƙwayar cuta tana da rai, burbushin halittarta yake nema. Wanda ya sha magani ya kashe su, gawarwakinsu kan daɗe a ƙirji, injin kuwa in ya tarar da su sai ya ce akwai. Wajen gano cuta a jikin sabon marar lafiya ba shi da na biyu, amma ba a tambayarsa ko wanda ya sha magani ya warke. Wannan aikin tsohon madubi ne.

"Ni da bakina na koya wa yaran nan haka," in ji Oga yana nuna ma'aikatansa, waɗanda kowa ya sami abin kallo a silin. "Na ce kada wanda ya kuskura. Na maimaita!"

"To a duba a madubin mana," na ce.

Yaya ta ɗaga robar. Wayam. An zuba duka, ba a rage ba, Mamanmu ce.

Sai wata dariya ta kama Oga, irin wadda ba ta da daɗi, ta kama Yaya ita ma tana yi tana share ido. Sauri ya haifi nawa.

Mun tarar da ɗakin ƙurya a kulle, taga a rufe. Auta na zaune a dandamali da yaro a cinya, idanunta sun yi ja. Yaya ta durƙusa a gindin tagar ta shiga bayani, ƙwayar halitta kaza, burbushi kaza, har da zana abu a iska ga wadda ba ta ganinta. Can muka ji muryar Mama a dishe.

"Ku tafi da shi. Allah ya raya. In ya girma a nuna masa hotona."

Wannan magana ta soke ni. Na ture Yaya na matsa.

"Mama, kin san me ya faru? Ke kin gama yaƙi kin karkashe su. Shi kuma wannan sakaran ya zo daga baya, ya tarar da su a kwance, ya ƙirga, ya ruga yana ihu wai ga abokan gaba."

Labulen ya motsa.

"Wato bai san matacce da mai rai ba?"

"Bai sani ba, Mama."

"Shi ne aka saka masa leda ana goge shi da hankici?"

"Yana da nasa amfanin," in ji Yaya da ƙaramar murya. Na taka mata ƙafa.

Tagar ta buɗe. Idon Mama ya kumbura, amma masifa ta fara dawowa cikinsa, abin da ya faranta min rai ƙwarai.

"To ku saurara. Na gaji da an ce, an ce. Likita ya ce babu, akwati ya ce akwai, ku kun ce gawa. Gobe ku kai ni in gani da idona."

Washegari mijin Auta ya iso da mota cike da kaya har rufi, yana cewa tafiyar da nisa, gara su kama hanya da wuri. Auta ta ce masa hanyar ta asibiti ta bi. Mama ta ƙi shiga motar da yaron ke ciki, ta ɗaura takunkumi biyu ta hau bayan babur ɗina, tana ba ni umarnin tuƙi tun daga ƙofar gida har ƙofar asibiti.

A wani buɗaɗɗen wuri a bayan ginin aka ba ta tururin ruwan gishiri ta wata 'yar na'ura. Ba a jima ba tari ya zo da kansa, ba sai na sake faɗawa bokiti ba. Yaya ta karɓi robar da hannu biyu. Oga ya miƙo hannu zai taimaka, ta ce, "Oga, don Allah," ya mayar da hannunsa aljihu.

Ta shafa a ɗan gilashi, ya bushe, ta gifta shi ta kan wuta. Ta zuba jan rini, ta wanke, ta zuba shuɗi, ta sake wankewa. Oga ya cire wa tsohon madubi riga, ya hure ƙura, ya shafa shi yana cewa, "Yi haƙuri, dattijo." Yaya ta zauna ta duba tsaf, ta tashi. Oga ya zauna ya duba nasa. Suka kalli juna, baki har kunne.

"Kada wanda ya gaya min komai," in ji Mama daga bakin ƙofa. "Matsa."

Oga ya ce to bari ta fara sanin abin da take nema. Ya ɗauko wani gilashi da suke ajiyewa don koyarwa, wanda ke cike da ƙwayoyin, an kashe su an rine. Mama ta zauna a doguwar kujera, ta runtse ido ɗaya, Yaya ta ce ta buɗe duka biyun. Ta yi ta lalube, can ta zabura.

"Kai! Ga su nan! Jajaye, sirara, kamar guntayen zare a ƙasan keken tela. Waɗannan ne?"

"Su ne, Mama."

"Waɗannan 'yan firit ɗin ne suka kayar da ni? Ku ji min marasa kunya! Ko tsayin arziki babu. Kai, wancan ma a lanƙwashe yake. Allah wadaran halinku!"

Ma'aikata suka yi ta ƙyaƙyata dariya, Oga har da riƙe tumbi. Sai da ta zage su tas, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce a kawo nata.

Yaya ta saka, ta ɗora yatsun Mama a kan abin da ake murzawa gilashin ya matsa. Dariya ta ɗauke. Mama ta duba, ta murza, ta duba. Ta bi layi har ƙarshe, ta sauko ta biyo wani. A waje mijin Auta ya danna hon, ba ta ko ɗago ba.

"Nan gefen fa? An duba nan?"

"An duba, Mama. Sake dubawa."

Ta sake. Wuyanta ya gaji ta tausa shi ta koma. Ni dai ina tsaye ina jira, ko da yake na riga na ga amsar a fuskar Yaya. Daga ƙarshe ta ɗago, zoben madubin ya yi mata shati a kewayen ido.

"Shuɗi ne kawai," ta ce.

"Shuɗi ne kawai, Mama."

Ta sauko daga kujerar. Ta tsaya a famfo ta wanke hannu har gwiwa, ta sake wankewa. Da za ta fita ta harari sabon injin ta ce, "Kai kuma Allah ya shirye ka." Oga ya ce amin.

Motar na fake a inuwar wata bishiya, injinta na aiki. Auta na tsaye a jikin ƙofa da yaron a cikin farin shawul. Mama ta doso su da sauri, da ta kusa sai ta rage tafiya. Ta cire takunkumi na farko ta ba ni. Ta cire na biyu. Rabon da in ga bakin mahaifiyata a fili har na manta, ashe ta ƙara tsufa a ƙarƙashin ƙyallen nan ba mu sani ba.

Auta ta ɗora mata shi a hannu. Mama ta karɓe shi a hankali, ta ƙura masa ido. Muna jiran ta fara tsokanar maigidan nata, ba ta ce komai ba. Sai na ga kumatunta sun kumbura, jijiyar wuyanta ta tashi, idanunta sun kawo ruwa. Na ɗauka kuka ne. Yaya ce ta gane.

"Mama," ta ce. "Yi numfashi."

Mama ta girgiza kai.

"Ke kika duba da idonki. Yi numfashi, Mama."

Ta sake shi a hankali, dogo, mai rawa, har gashin kan yaron ya motsa. Ya yamutsa fuska, ya buɗe ido, ya kai hannu ya damƙi leɓenta. Ta sunkuya ta sa hanci a wuyansa ta shaƙa, ta ƙara shaƙa, kafaɗunta na girgiza.

Mijin Auta ya duba agogo, ya dube su. Ya zura hannu ta taga ya kashe motar.